Yadda ɗalibin tauhidi zai yi binciken digirin digirgir a ƙauyukan Kano da Jigawa

Ɗalibin makarantar tauhidi da ya zaɓi rubuta kundin digirinsa na uku a kan Hausawa masu bi, wato Kiristoci, na karkarar Kano da Jigawa yana da rijiya biyu da zai ɗebi ruwa: nassi da bakin mutane. Ta farko malamansa sun koya masa zura guga cikinta, da Helenanci da Ibrananci. Ta biyun ce ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗalibi ya je ƙauye mako guda, ya raba takardun tambayoyi, ya dawo ya juya komai zuwa Turanci, sai ka karanta babin ka rasa muryar ko da dattijo ɗaya a ciki. Abin da jagoran nan yake so ka riƙe shi ne, kalmar da mutumin ƙauye ya furta da bakinsa hujja ce, kuma ana tsare ta kamar yadda ake tsare kalmar Helenanci a cikin aya.

Ka fara da matse tambayarka

"Kiristanci a tsakanin Maguzawa" ba tambaya ba ce, daji ne. Ka nemi wuri ɗaya inda nassi da zaman gida suke gogayya. Misalin da za mu bi har ƙarshe shi ne naman yanka: yaya mai bi yake yi da naman da aka yanka wa iskoki a gidan da ya tashi, kuma me 1 Korantiyawa sura 8 zuwa 10 da Ayyukan Manzanni 15:29 suke faɗa a kai? Wannan tana da iyaka, tana da nassi, tana kuma da mutanen da suka rayu cikinta. Gādo tsakanin 'yan'uwa masu addini daban, baftismar mai mata fiye da ɗaya, ko jana'izar tsohon da bai tuba ba, duk suna iya zama a wannan gurbin.

Sai wuri. Ƙauyuka uku ko huɗu sun isa, amma kada su zama iri ɗaya. Ka haɗa wanda ikkilisiyarsa ta daɗe tun zamanin Turawan mishan da wanda bishara ta shige shi ta hannun masu bishara 'yan ƙasa daga baya. Yankunan Sumaila, Karaye, Rogo, Tudun Wada da Roni suna cikin wuraren da za ka fara tambaya. Mutum talatin zuwa arba'in da aka zauna da su a tsanake sun fi takarda ɗari biyar da aka cike a bakin ƙofar coci bayan sujada.

Takardu kafin tafiya

Kada ka taka ƙauye ba ka san abin da aka riga aka rubuta ba. Joseph Greenberg, wani masani Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946, kuma har yau daga nan ake fara maganar iskoki da yanka a gidajensu. Jerome Barkow da Murray Last sun yi nasu daga baya a ƙasar Katsina da kewaye. Ka karanta su a matsayin hoton wani zamani da wani wuri, ba hoton ƙauyen da za ka ba.

A ɓangaren mishan, ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) ta faro a 1893, ta karɓi aikin kutare na lardin Kano a 1937, wanda ya zauna a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, kuma ɗarikar ECWA da ta fito daga cikinta ta tsaya da ƙafarta a 1954. Roni da Tofa sunaye ne da za ka riƙa cin karo da su saboda makarantunsu. Fayilolin gwamnatin mulkin mallaka suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, Arewa House ma tana nan Kaduna, sai Gidan Ɗan Hausa a Kano. Takardun SIM suna Amurka, na CMS, mishan ɗin Anglika, suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Ka rubuta musu da wuri, ka faɗi sunan tashar mishan da shekarun da kake nema. Wani tarko da ke kama ɗalibai da yawa: an ƙirƙiri Jigawa ne a 1991, don haka duk abin da ya shafi Roni, Taura ko Malam Madori kafin nan, ƙarƙashin Kano za ka neme shi.

Akwai kuma takardun da babu su a kowace ma'ajiya: rajistar baftisma, littafin taron dattawa, da littafin da ake rubuta waɗanda ikkilisiya ta sa a horo. Sau da yawa suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin fasto, gara ta ci gefe. Ka nemi izini ka ɗauki hoton kowane shafi a inuwa da rana, ka fara da bango, kada ka tsallake shafin da babu rubutu don jerin ya tsaya daidai. Kada ka tafi da littafin gida ko da an ba ka. Littafin horo kuwa sirrin mutane ne, ka ɗauki irin laifin da shekarar, ka bar sunan.

Lokacin zuwa da hanyar shiga

Daga Yuni zuwa Satumba kowa yana gona, wanda ka tsare da hira ka cuce shi. Bayan an yanke dawa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacinka: rumbu ya cika, ana bikin godiya, ana aure, 'yan birni sun dawo Kirsimeti. Idan kana son samari, ka kama su kafin tsakiyar Janairu, don daga nan sai cin rani. Ka san ranar kasuwar yankin ka cire ta daga lissafi. Kwana goma zuwa mako biyu a kowane ƙauye, kana kwana a can, sannan ka ware zuwa na biyu bayan ka rubuta hirarrakin farko.

Takardar gabatarwa daga makarantarka za ta bi ta ofishin gunduma na ɗarikar, daga nan zuwa faston ƙauyen. Amma ƙauye ba na coci kaɗai ba ne. Ka sa fasto ko wani dattijo ya raka ka wurin mai unguwa da dagaci, ka cire takalmi, ka durƙusa ka ce "ranka ya daɗe", ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka cikin jimla biyu ko uku. Baƙon da yake yawo da rikoda gida-gida ba da sanin dagaci ba, kafin kwana uku an yi masa fassarar da ba zai so ba, kuma masu masaukinsa ne za su kwana da ita bayan ya tafi.

Ka tambayi mutane sunan da suke kiran kansu da shi. Wani zai ce shi Bamaguje ne da alfahari, wani ba ya son jin kalmar, wani zai ce shi Bahaushe ne mai bi, wani ya ce Masihiyawa. Ka rubuta abin da kowa ya zaɓa. Kalmar "arna" kada ta fito daga bakinka ko alƙalaminka, sai dai cikin maganar wani da ka ɗauko.

Kayan aiki kaɗan ne: rikoda mai cin batir na kanti, batura masu yawa, ƙaramar sola, littafin rubutu mai kauri, da leda mai zif saboda ƙurar hunturu. Ka ɗauki sauti a tsarin WAV. Awa ɗaya a layin sauti guda (mono) tana cin kusan megabait 300, don haka katin gigabait 32 ya ishe ka zuwa ɗaya. Ka sa soso a bakin makirfo, iskar hunturu tana cinye magana. Kowane dare ka kwafe sautin zuwa wuri biyu, ka ba shi suna da lambar ƙauye, lambar mutum da kwanan wata.

Zaman hira

A nan kundi yake tashi ko ya faɗi. Ka fara da neman yarda, a Hausa, a kan rikoda: "Baba, ni ɗalibi ne, ina rubutu a kan yadda masu bi suke zama da 'yan'uwansu. Zan ɗauki muryarka idan ka yarda. Ba zan sa sunanka ba. Duk inda ka ce a tsaya, za a tsaya." Yawancin tsofaffi suna tsoron sa hannu ko dangwale a takarda, kuma suna da dalili. Ka shirya da kwamitin makarantarka tun kafin tafiya cewa yardar baki da aka ɗauka za ta wadatar.

Kada fasto ya zauna a wurin. Ba don mugun mutum ne ba, sai don wanda zai iya sa ka a horo ba a gabansa kake faɗin cewa ka ci naman gidan yayanka. Ka gaya wa fasto wannan tun ranar farko cikin ladabi, yawancinsu za su gane. Kai ma idan Rabaran ne, ka ajiye kwala a jaka. Mata kuwa, ka nemi mace mai taimaka maka, wadda ba matar fasto ba, ta zauna da su a tsakar gida ko bayan taron Zumuntar Mata. Su ne suke dafa naman, su ne suke karɓar kwanon da aka aiko daga sashen kishiya ko na suruka, saboda haka rabin amsarka tana hannunsu.

Yanzu dubi yadda tambaya take lalacewa. Ɗalibi ya zauna gaban tsoho a zaure ya ce, "Baba, a dā kuna bauta wa gumaka?" Tsoho ya girgiza kai ya ce, "A'a, mu ba mu da gumaka." Ɗalibi ya rubuta cewa tsohon yana ɓoye gaskiya. Alhali gaskiya ya faɗa. Gunki a kunnensa sassaƙaƙƙen abu ne mai ido da hanci, shi kuwa abin da ya sani shi ne mai gida yana yanka a gindin jigo ko tsamiya kafin shuka da bayan kaka, kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta. Ɗalibin ya ɗauko kalma daga Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa mutum, sai ƙofa ta rufe.

Ka tambayi abin da ya faru, ba abin da aka gaskata ba. "Baba, lokacin da mahaifinka yake da rai, idan damina ta kusa, me ake yi a gidan nan?" Sai ka yi shiru. Idan ya ce yanka, ka ce, "Wa ke riƙe wuƙar? Ina ake zuba jinin? Wa ke fara cin naman?" Daga nan ka gangaro: "Shekarar da ka shiga ajin baftisma, da aka kawo maka rabonka, yaya ka yi?" Duk kalmar da ya kawo, da ita za ka ci gaba. In ya ce iskoki, kada ka mayar masa da aljanu. In ya ce tsafi, ka tambaye shi me ya raba tsafi da magani. In ya ce "na gida", ka bar shi a na gida har ya buɗe da kansa. Shirun tsoho ba ƙarshen magana ba ne, sau da yawa tauna ta yake yi; ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake buɗe baki.

Awa ɗaya ta isa zama guda. Ka tafi da ɗan abin hannu, sabulu, sukari ko goro, ka bayar a matsayin gaisuwa, ba kuɗin magana ba. Kada ka yi alkawarin rijiya ko rufin coci. Ka kuma zauna da 'yan'uwan da suka musulunta da waɗanda suka tsaya kan al'adar iyaye, in sun yarda, domin gida ɗaya ne, kuma labarin kwanon nama yana da mai aikowa da mai karɓa.

Rubutawa

Ka rubuta hirar da Hausa tukuna, kalma bayan kalma, yadda aka faɗe ta. Ka sa ran awa ɗaya ta sauti za ta ci maka awa biyar zuwa shida. Kada ka gyara wa tsoho harshe zuwa daidaitacciyar Hausa, kada ka cire maimaici da karin magana. Ka yi amfani da allon rubutu na Unicode mai ɓ, ɗ, ƙ, irin na Keyman ko na wayarka. Tsofaffin nau'o'in haruffa na musamman sukan rikiɗe su zama akwatuna ranar da aka buɗe kundin a kwamfutar mai jarrabawa. Inda rashin alamar sauti zai kawo ruɗani, kamar gādo da gado, ka sa alamar tsawo.

Fassara zuwa Turanci ta zo daga baya, kuma ga abin da za ka ɗauko cikin kundi kaɗai. Ko a nan, Hausar ta zauna a shafi, fassarar tana ƙarƙashinta. Ka buɗe wani littafi daban na kalmomi: kowace kalma mai nauyi, wa ya faɗe ta, shekarunsa, a wace jimla. Bayan hira ashirin za ka fara ganin abin da takardar tambayoyi ba za ta taɓa nuna maka ba, misali ko tsofaffi da jikokinsu da suka tashi a makarantar Lahadi suna kiran abu ɗaya da suna ɗaya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai taimake ka da tsohuwar ma'ana, amma ba shi zai yanke hukunci a kan mai magana ba.

Komawa ga nassi

Ka ɗauki Sabon Alkawari na Helenanci, Nestle-Aland bugu na 28 na 2012, ka yi aikin ayoyin kamar ba ka taɓa zuwa ƙauye ba. Wannan ware kai yana da amfani, don kada ka sa Bulus ya faɗi abin da kake so dattijon ya ji. A 1 Korantiyawa 8:1 kalmar ita ce eidolothyton, abin da aka yanka wa gunki, kalmar da Yahudawa da masu bi suke kiran naman da ita. Amma a 10:28, inda Bulus ya sa magana a bakin wani a wurin cin abinci, rubutun da masana suka fi amincewa da shi yana da hierothyton, wato abin da aka miƙa a tsattsarkan wuri, kalmar da masu yankan suke amfani da ita. Rubuce-rubucen hannu na baya sun mayar da ita eidolothyton, kuma za ka ga wannan a bayanan ƙasan shafi. Bulus ya bar wa mai magana kalmarsa. Ga ɗalibin da ya dawo daga zaure da littafin kalmomi a hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya cancanci shafuka a kundinsa.

Sai ka bi zaren: 8:4 ta ce gunki ba kome ba ne, 10:20 ta ce abin da suke yankawa ga daimonia, wato aljanu, suke yi, tana jan Maimaitawar Shari'a 32:17. A 8:10 ana maganar ci a ɗakin gunki, a 10:25 naman kasuwa, a 10:27 gayyata a gidan wanda ba mai bi ba. Wuri uku, hukunci ba ɗaya ba. Yanzu ka tambayi kanka da gaske: kwanon da aka aiko daga sashen yaya, a cikin gidan gandu ɗaya, a wanne ya faɗa? Korinti birni ne mai haikali da mahauta. A nan kuwa mai yankan uba ne, wurin yankan tsakar gida ne, ƙin cin naman kuma yana iya zama fita daga zumunta. Inda misalin ya dace ka faɗa, inda ya karye ka faɗa. Wurin karyewar nan shi ne abin da kundinka zai ƙara wa ilimi.

Tsakanin Helenanci da ƙauye akwai gada da ake mantawa, wato juyin Hausa da mutanen suka ji. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na CMS ya yi wa jagora tare da wasu. Akwai juyin 1979, akwai kuma sababbi bayansa. Ka jera su gefe da gefe a kan kowace aya ta bincikenka, ka ga wace kalma kowanne ya zaɓa wa daimonion, pneuma (ruhu) da syneidesis (lamiri). Ka tambayi kowane mutum wane juyi ake karantawa a cocinsu lokacin da ya tuba. Tsohon da yake cewa Yohanna da Kristi da wanda yake cewa Yahaya da Almasihu sun riga sun ba ka alamar littafin da ya rene su. Ka lura kuma da iska: a Yahaya 3:8 pneuma tana ɗaukar iskar da ke busawa da Ruhu a lokaci guda, Hausa ma tana da kalma ɗaya mai fuska biyu, amma fuskarta ta biyu ta riga ta zama ta iskoki. Abin da masu juyi suka yi da wannan, da abin da mai sauraro a ƙauye ya ji, tambaya ce ta tauhidi sosai.

Ba kai ne farkon wanda ya kai addinin gidansu gaban nassi ba. Byang Kato, masanin tauhidi ɗan Jaba, ya yi haka da na Jaba a karatunsa a makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, kafin rasuwarsa a 1975, kuma muhawarar da ya tayar a kan cuɗanya addinai tana nan da rai a makarantun tauhidi na Jos, Bukuru, Kagoro da Igbaja. Masu jarrabawa za su so su san inda ka tsaya a cikinta. Ka tsaya da ƙafarka, amma bayan ka nuna abin da mutanen suka ce, ba kafin nan ba.

Kafin kare kundi

Kurakurai uku ne suka fi dawo da kundi. Na farko, babin nassi da babin ƙauye suna zaune kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Maganinsa shi ne babi na musamman da zai ɗauki kalma ɗaya-ɗaya ya bi ta daga Helenanci zuwa juyin Hausa zuwa bakin mutane. Na biyu, faɗin "Maguzawa sun gaskata" alhali mutum tara ne a ƙauye biyu suka faɗa; ka rubuta adadin da wurin. Na uku, ɓoye sunan mutum amma a bar abin da zai tona shi, kamar "tsohon dattijon coci mai mata biyu" a ƙauyen da irinsa ɗaya ne. Ka sauya sunan ƙauyen ma idan maganar tuba daga wani addini ta shigo, ka ajiye takardar da ke haɗa lamba da suna a wuri daban da sautin.

Tsarin ambaton madogara, ko Turabian ko SBL, ka bi wanda makarantarka ta ce tun shafin farko, ka zuba komai a manhajar Zotero mai tara madogara, har da hirarraki da lambobinsu.

Sannan ka koma ƙauye kafin a ɗaure kundin. Ka rubuta taƙaitawa ta shafi takwas zuwa goma da Hausa, ka karanta wa waɗanda ka yi hira da su, maza daban mata daban. Inda suka ce "ba haka muka ce ba", ka buɗe sautin ku saurara tare. In kai ka kuskure ka gyara, in fahimta ce ta bambanta ka rubuta duka biyun. Ka bar kwafin taƙaitawar wurin fasto da wurin dagaci, ka kuma tura wa kowane iyali muryar tsohonsu a katin waya, idan shi tsohon ya yarda.